Daga gujiya zuwa wake: abin da manoman Maraɗi suka gani

Manoma ƴan uwa, shawarar da ake yankewa a Yamai, a bakin rumbu take sauka. Jihar Maraɗi shaida ce.

A 1962 gwamnati ta kafa SONARA, ta ba ta ita kaɗai ikon fitar da gujiya waje. Gwamnati ke yanka farashi kafin a buɗe kasuwa. Manomi ya kai buhunsa sikeli, ya karɓi kuɗi, ya biya lanho, abin da ya rage ya yi wa iyali tufafi. Ƴan dako da direbobi da ma'aikatan matsar mai ta Maraɗi duk a gujiya suke ci. Amma riba mai tsoka baitulmali take tafiya.

Farin 1973 ya zo, cutar gujiya ta biyo baya a 1975. Hatsi ya yi tsada, farashin gujiya bai bi shi ba. Manomi ya yi lissafi, ya koma ga hatsi da wake. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom suka shigo, gwamnatin Seyni Kountché ta soke lanhon kai, maigida ya daina noman gujiya don dole.

Wake kuwa kasuwarsa Najeriya ce, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. A nan wata matsalar ta ɓullo. A watan Afrilu 1984 Najeriya ta rufe iyaka, ta canza takardun Naira, ba a buɗe ba sai 1986. Shekarar ta haɗu da fari, har mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Mai wake ya rasa mai saye, ɗan cin rani ya rasa hanya, mai ajiyar tsohuwar Naira ya tashi da takarda.

A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Dabbobi da wake sun yi wa mai saye na waje araha, masu sayarwa sun ji daɗi. Amma taki da magani da kayan gyaran mota sun hau, mai albashi ya ji a jikinsa. An sake rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, da kuma daga 2023 zuwa 2024.

Me za mu koya? Wanda ya dogara da amfani ɗaya da kasuwa ɗaya, shi ke fara shan wuya. Ku cika rumbu da hatsi tukuna, kafin ku auna na sayarwa. Kada ku zubar da wake duka da kaka lokacin da tiya ba ta da daraja. Ku busar da shi sosai, ku rufe a buhun da iska ba ta shiga, ku jira bazara. Ku haɗa kai a ƙungiya, domin mai buhu ɗari ya fi mai buhu ɗaya baki a gaban ɗan kasuwa.

Allah ya ba mu damana mai albarka.