BABI NA UKU: HORAR DA SHUGABAN MAKARANTAR SAKANDARE A YANKIN KAZAURE, BABURA, RONI DA GWIWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin shigowar ilmin boko wannan yanki. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bayyana yadda malami yake zama shugaban makarantar sakandare, wato firinsifal, da irin horon da yake samu kafin a ɗora masa wannan nauyi. Kazaure da Roni da Gwiwa suna cikin masarautar Kazaure, Babura kuma tana cikin masarautar Ringim, amma dukkansu suna bin tsarin ilmi ɗaya tun da aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano ranar 27 ga watan Agusta, 1991. Horon shugaba iri biyu ne: akwai karatun aji, akwai kuma koyon sanin makamar aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya goge. Abin da babin zai nuna shi ne duka biyun suna nan a yankin, sai dai ba a haɗa su wuri guda ba.

3.1 Karatun Aji

A bisa Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma sha yi mata gyara, takardar N.C.E. ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake shiga aikin koyarwa da ita. Haka kuma doka mai lamba 31 ta shekarar 1993 ta kafa Hukumar Yi wa Malamai Rajista, wato T.R.C.N. Waɗannan duka sharuɗɗan zama malami ne. Shugaban makaranta kuwa, abin da aka fi dubawa wajen naɗa shi shi ne digirinsa da matakin albashinsa da yawan shekarunsa a bakin aiki.

Malamin da ya fito daga wannan yanki galibi yakan yi N.C.E. a Kwalejin Ilmi ta Gumel, ko ta hanyar karatu daga gida na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, sannan ya yi digiri a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daga baya an sami Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da Jami'ar Jiha ta Kafin Hausa a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo. A cikin kwasa-kwasan digirin ilmi akan taɓa darasin tsara ilmi da gudanar da shi, amma taɓawa ce kawai. Wanda yake son zurfafawa sai ya koma ya yi digiri na biyu a wannan fanni. A nan ne zai karanci ra'ayoyin masana game da shugabanci, da dokokin ilmi, da kasafin kuɗin makaranta, da duba aikin malamai, da yadda ake hasashen yawan ɗalibai da azuzuwan da za su buƙata. Akwai kuma cibiyar N.I.E.P.A. da aka kafa a garin Ondo a 1992 domin horar da masu tsara ilmi da shugabannin makarantu, sai kuma tarurrukan ƙara wa juna sani na ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta ƙasa, wato ANCOPSS.

Babu mai musun amfanin wannan karatu. Shugaban da ya san ƙa'idar aikin gwamnati ba zai dakatar da malami da baki kawai ba, zai fara ba shi takardar tuhuma ya jira amsa. Illar ita ce karatun ba dole ba ne, kuma a birni ake yin sa, da misalan da aka ɗauko daga littattafan Amurka da Ingila.

3.2 Koyon Sanin Makamar Aiki

Wani abin mamaki shi ne, ba a ba ɗalibi takardar N.C.E. ko digirin ilmi sai ya fita koyarwar gwaji, wadda aka fi sani da T.P., ya yi makonni a wata makaranta, malamansa suna zuwa suna zama a bayan aji suna ba shi maki. Ke nan wanda zai riƙe aji ɗaya sai an gwada shi, amma wanda zai riƙe makaranta sukutum, da malamanta da kuɗinta da 'ya'yan mutane, ana iya miƙa masa takardar naɗi yau ya kama aiki gobe.

Duk da haka ba za a ce babu koyon aiki sam ba. Akwai wani tsani da aka saba hawa. Malami yakan fara da riƙon aji, sai a ba shi kula da ɗakin kwana ko wasanni ko kicin, sai ya zama jami'in jarrabawa ko siniya masta, daga nan ya zama mataimakin shugaba, ko dai mai kula da karatu ko mai kula da mulki. A kowane mataki akwai abin da yake shiga hannunsa. Jami'in jarrabawa shi ya san wahalar yi wa ɗalibai rajistar WAEC da NECO kafin a rufe, musamman yanzu da ake yi ta intanet, a garin da sai an nemi wurin da sabis yake kamawa. Mataimaki mai kula da karatu shi ke zana jadawalin darussa, kuma shi zai san yadda za a yi da malamin lissafi guda ɗaya tak a makaranta mai aji shida. Mai kula da mulki kuwa shi ke fama da rajistar zuwan malamai da ladabtar da ɗalibai.

Matsalar wannan tsani ita ce sa'a ce take tafiyar da shi. Idan mataimaki ya dace da shugaba mai sakin hannu, zai nuna masa littafin kuɗi, ya tafi da shi ofishin shiyya, ya bar shi ya jagoranci taron malamai. Idan kuwa ya faɗa hannun mai ƙunbiya-ƙunbiya, sai ya shekara biyar bai taɓa ganin yadda ake rubuta bayanin kashe kuɗi ba. Mai wannan bincike ya yi koyarwar gwaji a wata makarantar jeka-ka-dawo da ke yankin, inda aka yi wa shugaban canjin wurin aiki a tsakiyar zango. Mataimakin da ya gaje shi mutum ne haziƙi a aji, amma ranar da masu duba makarantu suka zo suka nemi kundin da ake rubuta muhimman abubuwan da suka faru a makaranta da littafin kayan sito, sai da aka aika gidan tsohon shugaban aka karɓo makullin durowa. Ba laifinsa ba ne, ba a taɓa nuna masa ba.

Akwai kuma ɓangaren aikin da babu littafin da zai koyar da shi. Zangon farko yana haɗuwa da kaka, lokacin da iyaye suke buƙatar yara wajen girbin gero da dawa da roron wake. Ranar kasuwa azuzuwa sukan rage. Yarinya tana aji biyar sai a ji an sa ranar aurenta. A irin wannan hali takarda mai hatimi ba ta dawo da ɗalibi. Abin da ke dawo da shi shi ne shugaban da ya san yadda zai je gaban dagaci ko hakimi ya faɗi gaisuwa, ya san limamin da za a roƙa ya yi magana bayan sallar Juma'a, ya kuma san mutanen da maganarsu take da nauyi a ƙungiyar iyaye da malamai. Bugu da ƙari, aikin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Shugabancin makarantar kwana irin Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Kazaure, inda akwai batun abinci da ruwa da lafiyar ɗalibai dare da rana, daban yake da na ƙaramar sakandare a ƙauyen Gwiwa ko Roni, inda shugaban shi ne akawu, shi ne ma'aji, kuma yana shiga aji.

3.3 Haɗa Biyun

Wasu ƙasashe sun daɗe da haɗa karatun da koyon aikin. A jihohin Amurka da dama ba a ba mutum lasisin shugabancin makaranta sai ya yi kwasa-kwasai a jami'a, ya kuma yi zaman koyon aiki a ƙarƙashin wani shugaba. Ingila ta ɓullo da takardar N.P.Q.H. a 1997, ta wajabta ta ga sababbin shugabanni, sannan ta janye wajabcin a 2012. Singafo kuwa tun 2001 take ɗauke zaɓaɓɓun mataimaka daga aiki na wasu watanni domin horo.

A Jigawa abin da ya fi kusa da wannan shi ne shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017. A ƙarƙashinsa akan tara hedimastoci a yi musu bita ta 'yan kwanaki, su koma makarantunsu su aiwatar, jami'an tallafi kuma su bi su su gani. Shirin ya kuma ƙarfafa kwamitocin al'umma masu kula da makarantu, wato S.B.M.C. Amma ya fi karkata ga firamare, kuma horo ne ga wanda ya riga ya hau kujera.

A ganin mai wannan bincike ba sai an gina sabuwar cibiya ba. Muƙamin mataimaki ya isa ya zama zaman koyon aiki, muddin aka yi masa ƙa'ida. Sai a rubuta ayyukan da dole mataimaki ya yi da hannunsa cikin shekara guda, kamar tsara kasafin zango, da zama a aji ya duba malami ya rubuta rahoto, da jagorantar taron iyaye, da rajistar jarrabawa. Shugaban da yake koya masa ya sa hannu a kan kowanne, malamin jami'a ko na Kwalejin Gumel kuma ya riƙa zuwa dubawa kamar yadda ake yi a T.P. Darussan aji sai a yi su lokacin hutu, a Kazaure, tunda tana kan hanyar Kano zuwa Daura kuma tana da manyan makarantu masu ɗakunan taro. Zai kyautu kuma a musanya masu koyon, na cikin gari ya yi zango guda a ƙauye, na ƙauye ya yi zango guda a makarantar kwana.

Cikas ɗin da za a fara cin karo da shi shi ne ƙarancin malamai. Mataimakin da ake son ɗaukewa na zango guda sau da yawa shi ne kaɗai mai koyar da Turanci ko Kimiyya a makarantarsa, don haka kafin a tura shi Babura ko Kazaure sai ofishin shiyya ya tanadi wanda zai riƙe azuzuwansa.