Bash, Zsh ko Fish: Wacce Za Ka Zaɓa?

Shel ita ce manhajar da ke tafinta tsakanin mutum da kwamfuta mai tsarin Linux ko Unix. Kai ka rubuta umarni, ita ta isar da shi. Ɗalibi a Bichi ko Dambatta da bai mallaki kwamfuta ba zai iya gwada ta a wayar Android ta manhajar Termux.

Shel iri-iri ce. Bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989, ita ce ke zuwa da Termux da Ubuntu (wani nau'in Linux), kuma da ita aka rubuta yawancin darussan koyo. Zsh ta fito a 1990, ta kuma fi karɓar gyare-gyare. A 2019 kamfanin Apple ya mai da ita ta asali a kwamfutocinsa. Fish, ta 2005, tana hasko ƙarshen umarni da launin toka tun kana bugawa, abin da ke rage wahalar ƙananan maɓallan waya. Sai dai wani rubutun Bash ba ya aiki a cikinta.

Mai koyo ya fara da Bash. In hannu ya faɗa, umarnin chsh na sauya shel.