Faɗakarwa A Kan Baƙin 'Ya'yan Itace Da Ke Shigowa Kantunan Katsina

 

Mu dai mutanen hatsi ne. Gero da dawa da wake muka tashi muka tarar ana awo a gidanmu, a kansu kuma muka yi furfura. Abin da ya sa muka tsoma baki cikin zancen kayan marmari shi ne, a 'yan shekarun nan yaranmu da dama sun aje tiya sun koma tebur. Kowa ya bi titi daga nan Ƙofar Kwaya zuwa Ƙofar Ƙaura da la'asar zai ga tuffa ja da koriya an jera, ga inabi cikin 'yan robobi. In ya shiga manyan kantuna masu firji kuwa, sai ya tarar da waɗansu da ko sunansu bai taɓa ji ba. Wani yaro da ya shekara 6 yana yi mana awo ya kwashe jarinsa kaf ya saro inabi ana jibi azumi. Wuta ta ɗauke kwana biyu, man janareto ya fi ƙarfinsa, ba a kai azumi biyar ba rabin kayan ya zama na awaki. Har yau bai gama biyan bashin ba. Saboda irinsa muka bi kantuna, muka saya, muka ɗanɗana, muka tambayi 'yan sari. Ga abin da muka samo.

Fasali na farko: daga ina suke zuwa

Tuffa, wadda yara ke ce ma aful, itaciyar ƙasar sanyi ce. Sai ta sha hunturu mai tsanani kana ta yi fure sosai, shi ya sa ba ta yi a ƙasarmu ta rairayi. Mafi yawan wadda muke gani daga Afirka ta Kudu take, inda ake tsinkarta daga farkon shekara zuwa wajen watan Mayu, a kulle ta a ɗakunan sanyi wata da watanni. Daga can jirgin ruwa ya kawo ta Ikko ko Kwatano cikin kwantena mai sanyi, mota ta ɗauko ta zuwa kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, sa'an nan ta iso mana. Watau tuffar da ke tebur ɗinka ta yiwu ta girmi jaririn da ke gidanka. Abin da ya riƙe ta duk tsawon lokacin nan sanyi ne mai kusa da na ƙanƙara. Ran da ta fito cikin zafin bazarar Katsina, wanda kan wuce ma'auni 40, kwanakinta ƙirgaggu ne.

Inabi kan zo daga Afirka ta Kudu da hunturunmu, na Indiya ya biyo baya zuwa bazara, na Masar da farkon damina. Amma a sani, ana noma inabi a Kudan kusa da Zariya. Haka sitiroberi, ɗan jan nan mai ƙamshi, ana nomansa a tsaunin Jos wajen Bom, kakarsa kuwa lokacin sanyi ce. Rumman ba baƙo ne ga almajiri ba, sau uku aka ambace shi cikin Alƙur'ani, sai dai manyan da ke kantuna yawanci daga Masar da Indiya suke.

Akwai kuma kiwi, mai kama da ƙwan kaza, da gashi-gashi a bayansa, cikinsa kore shar. Asalinsa na ƙasar Sin ne, a 1904 aka kai irinsa Niyuzilan, su suka raɗa mashi wanga suna a 1959 domin kasuwa. Ranar da muka fara sayensa, muka gatsa shi da ɓawo kamar goba, tsami ya kama mana haƙora, muka yar, muka ce an cuce mu. Ashe laifinmu ne, ɗanye muka ci. Akwai wani kuma mai jan ɓawo da kunnuwa, cikinsa fari da ɗigo-ɗigon baƙi, Turawa na yi mashi laƙabi da dodo. Asalinsa daga wajen Meksiko, yanzu Biyetnam na noma shi da yawa. Ga kyan gani, ga tsada, amma da muka yanka sai muka ji shi lami, kankanar bakin kasuwa ta fi shi zaƙi. Irin wannan mutum kan saya sau ɗaya don ya ba da labari, bai cika dawowa ba.

Fasali na biyu: kashi biyu ne, a rarrabe su

Wannan shi ne babban ilmin da muka ƙaru da shi. 'Ya'yan itace kashi biyu ne. Akwai masu ci gaba da nuna bayan an tsinke su, kamar ayaba da mangwaro da gwanda. Cikin baƙin, kiwi da fiya suna wannan kashi. Fiya ma ba ta yin laushi a bisa itaciya, sai an sauke ta. In ka same su da tauri kada ka damu. Ka sa su cikin takarda tare da ayaba ko tuffa guda, domin akwai wata iska da waɗannan ke fitarwa mai gaggauta nuna. Bayan 'yan kwanaki ka latsa a hankali, in ya ɗan lotsa ya yi.

Kashi na biyu su ne waɗanda zaƙinsu ke tsayawa ran da aka tsinke su: inabi, sitiroberi, rumman, abarba, lemo. Wanda ka saya da tsami, da tsaminsa zai ruɓe. In mai sari ya ce maka ka aje zai yi zaƙi, to ko bai sani ba ne, ko yana son ya rabu da kayansa ne. Kuma kada a haɗa tuffa da kiwi ko ayaba wuri guda a sito in ba ana son su nuna da sauri ba.

Fasali na uku: yadda ake gwaji

Ba a cinikin biri a sama. Mu a hatsi ba mu biya sai mun soka buhu mun ga na tsakiya, to haka nan ma. Kada ka sari abin da ba ka sa a bakinka ba. Ka sayi guda, ka wanke, ka yanka, ka ci, ka ba iyali su ci, domin bakinsu shi ne bakin masu sayenka.

Tuffa: a buɗe kwali har shimfiɗa ta ƙasa. A latsa wajen hancinta, in ta yi laushi ko fatar ta yamutse, cikinta ya zama gari. A ƙwanƙwasa da farce, mai kyau tana da amo.

Inabi: a dubi sandar nonon. Koriya mai danshi alamar sabo ce, busasshiya mai ruwan ƙasa alamar ya daɗe. A ɗaga a girgiza kaɗan, in 'ya'yan na zuba a bar shi. Farar ƙurar da ke bayansa halittarsa ce, ba aibi ba ce.

Rumman: a auna a hannu, mai nauyi shi ne mai ruwa.

Sitiroberi: a juya robar a dubi gindinta. In ruwa ya jiƙa ta, ko an ga farin gashi a jikin guda ɗaya, gobe duka sun tafi.

Kwalin da aka fitar daga sanyi ya yi gumi, aka mayar, aka sake fitarwa, ya fi kowane saurin lalacewa. A tambayi mai kaya yaushe aka sauke shi, sau nawa kuma ya fita.

Fasali na huɗu: lissafi

Kwalin tuffar Afirka ta Kudu nauyinsa kilo 18 ne da ɗoriya kaɗan. A gefensa akwai lamba, kamar 135 ko 150 ko 198. Wannan adadin 'ya'yan da ke ciki ne, ke nan in lamba ta yi yawa 'ya'yan ƙanana ne. Dillalin da bai karanta lambar nan ba bai san abin da ya sayo ma mutane ba.

Ga misali, ba farashin yau ba ne. A ƙaddara ka sari kwali mai 150 a kan naira 60,000. Kowace ta tsaya maka 400. In 30 suka lalace, saura 120, kowace ta koma 500, ba a sa kuɗin mota da sanyi ba. Wanda ya sayar 450 yana murna ya ci riba, alhali uwar kuɗi yake ci. Gero in kasuwa ta faɗi mukan ɗinke buhu mu jira bazara. Wannan kaya ba ya jiran kowa.

Sa'an nan a tuna da dala ake sayo shi. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A tuna kuma da rufe iyakoki na Agustan 2019, da na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, lokacin da hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta tsaya. Kayan da ke ruɓewa ba ya jure kwana a bakin iyaka.

Fasali na biyar: amana

Ya zo cikin hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ciki, an rufe da busasshe, ya hana wannan aiki da kakkausar magana. Malamanmu sun karantar da mu cewa bayyana aibin haja wajibi ne. Juya ruɓaɓɓen gefe ƙasa algus ne, haka cakuɗa tsohon kwali da sabo. Wanda ya fara taɓuwa a ware shi, a faɗa, a rage kuɗi. Dillali kuwa kada la'ada ta sa ya tura ƙaramin ɗan kasuwa cikin kayan da ya san sun sha rana.

Shawararmu ga mai son shiga: ya fara da kwali guda, ya san masu sayensa tun kafin kaya su iso, kada ya taɓa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jarinsa. Ya kuma fi mai da hankali ga na kusa, irin na Kudan da Jos. Mangwaro daga Indiya ya zo, gwanda da goba da abarba daga nahiyar Amurka, duk dā baƙi ne, ba su zama abincin talaka ba sai da aka dasa su a ƙasarmu.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mu daga cin haram da karayar jari, amin. Wassalam.

Daga ɗan'uwanku mai awon hatsi, Ƙofar Kwaya, Katsina.