YADDA AKE GYARA TSOHON GWADO KAFIN HUNTURU

Kowa ya san sanyin Augie a watan Disamba da Janairu, musamman waɗanda gidajensu ke kusa da fadamar Gulbin Rima. A lokacin ne ake fito da barguna daga akwati. A gidaje da yawa akwai tsohon gwado ko luru na kakanni, amma don ya yage sai a mayar da shi shimfiɗar jaki ko abin shanya shinkafa. Wannan asara ce, domin masaƙa sun yi ƙaranci, kuma bargon kanti ba ya kai shi ƙarko.

Yadda aka yi gwado

Da farko mata su kaɗa auduga da mazari, su fitar da zare da abawa. Masaƙi ya saƙa su ziri-ziri, wani zirin faɗin tafin hannu, wani ya kai taƙi. Baƙin da ke jiki kuwa rinin baba ne daga marina. Daga nan sai a jera zirin gefe da gefe a haɗa su da allura. Saboda haka gwado ba ƙyalle ɗaya ba ne, shi ya sa gyaransa bai da wuya. In wuri ɗaya ya lalace, sauran na nan da ƙarfinsu.

Kayan aiki

Allura mai ɗan kauri, zaren auduga, almakashi, sabulu, da tsohon ƙyallen auduga mai tsabta.

Matakan gyara

1. Wanki. A wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, saboda baba yana zuba. Kada a buga shi a kan dutse, kada a murɗe shi da ƙarfi. A shanya a inuwa don kada rana ta koɗar da shi.

2. Dubawa. Mutum biyu su ɗaga shi wajen haske. Duk inda haske ya ratso sosai, wurin ya ci, ko da bai huje ba tukuna.

3. In mahaɗa ce ta warware. Wannan ya fi yawa, kuma ya fi sauƙi. A cire ruɓaɓɓen zaren, a haɗa bakin zirin biyu, a tabbata zanensu ya yi daidai, sannan a ɗinke ƙanana-ƙanana. A fara daga inda tsohon ɗinkin ke da ƙarfi, a ƙare a inda yake da ƙarfi.

4. In ƙaramar huda ce. A kwaikwayi masaƙi. A ja zare a tsaye layi-layi har ya rufe hudar, sannan a ratsa shi a kwance, a bi ta sama, a bi ta ƙasa. Kada a ja zaren da ƙarfi, in ba haka ba wurin zai tattare.

5. In babbar yaga ce. Sai maho. A yanko ƙyallen da ya fi yagar da faɗin yatsa biyu ta kowane gefe, a kalmashe bakinsa, a ɗinka shi a kan lafiyayyen wuri. Tsohon ƙyalle ya fi dacewa. Sabo yana tsukewa in an wanke shi, kuma ya fi gwadon ƙarfi, sai ya ja shi ya sake yagewa a gefen ɗinkin. Yadi mai roba ma bai dace ba.

6. In tsakiya ta cinye. Tsakiya ce ke fara lalacewa don ita ke shan jiki. Sai a warware zirin tsakiya a mayar da su gefe, na gefe masu ƙarfi su dawo tsakiya. Wannan aikin yana son haƙuri, gara a nemi taimakon babba.

Ajiya

In sanyi ya wuce, a wanke shi ya bushe sarai, a ninke, a sa busasshen ganyen dogonyaro a ciki saboda ƙwari. Kada a ajiye shi a ƙasa ko jikin bango, gara da ɓera ba su san kayan gado ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hudar da yatsa ɗaya ke shiga yau, in ƙafar mai barci ta same ta, gobe sai kai ya shiga. Gyaran minti goma ya koma aikin kwana biyu, ko kuma a rasa gwadon gaba ɗaya, ƙannenmu su kwana cikin ɗari su tashi da mura.

A Argungu an adana kayan tarihin Kabi a Gidan Tarihi na Kanta, mutane na zuwa daga nesa su gani. Na gidajenmu kuwa ba mai adana mana sai mu. Kuma ɗinki ba na mata kaɗai ba ne. Don haka in mun tashi makaranta ranar Juma'a, kowa ya tambayi kakarsa ina gwadon gidan yake, ya roƙe ta ta nuna masa yadda ake riƙe allura.

Daga wata ɗalibar aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.