Digirin da ba a ba fasto sai ya yi shekara 3 yana aiki

Duk ɗan kasuwa ya san yaron shago ba ya zama maigida sai ya daɗe yana awo da lissafi. Haka abin yake ga fastocin ɗarikar Luta a Amurka masu neman babban digiri na dakta a fannin hidimar majami'a.

Ɗauki misalin makarantar Konkodiya ta birnin Sen Luwis, wadda aka kafa a 1839. Sharaɗi na farko, sai fasto ya riƙe digiri na biyu na ilimin tauhidi, wanda yakan ci shekara 3 zuwa 4. Na biyu, bisa al'ada sai ya yi aƙalla shekara 3 yana jagorancin jama'a, ya ɗaura aure, ya yi jana'iza, ya sasanta masu rigima.

Fasto ba ya ajiye aikinsa don wannan karatu. Yakan je makaranta na ƴan kwanaki, ya komo gida. Shi ya sa ake son yardar jama'ar majami'arsa, domin su ne za su yi haƙurin rashinsa.

A ƙarshe sai ya zaɓi matsala guda da ke damun mutanensa, kamar janyewar matasa daga ibada, ya bincika ta, ya gwada magani, ya rubuta sakamakon, sannan ya kare shi gaban malamai. Idan malaman ba su gamsu ba, babu digiri, sai ya koma ya gyara.