Ziyara da kallon kifin wel: abin da za ka sani kafin ka hau teku

Idan Allah ya kai ka Kef Tawun a Afirka ta Kudu tsakanin Yuli da Nuwamba, hutun ƙarshen mako ɗaya ya ishe ka abu biyu. Ranar Asabar ka keɓe don zikiri a hubbaren Shehu Yusuf da ke Makasar, malamin Indunusiya da Turawan Holan suka kai can ɗaurin talala a 1694. Lahadi ka wuce Hermanus, kimanin kilomita 120 daga birnin, inda kifin wel ke matsowa gaɓa ya haihu.

Sai dai igiyar ruwa ba ta san baƙo ba. Ido na ganin jirgi a tsaye, kunnen ciki na jin yana tangaɗi, daga nan jiri da amai ke tasowa. Maganin cinnarizine na taimakawa, amma awa biyu kafin shiga jirgi ake shansa, ba bayan zuciya ta fara tashi ba. Yana kuma sa gyangyaɗi, don haka wanda ya sha kada ya tuƙa iyali komawa gida. Mai juna biyu, ƙananan yara da mai hawan jinin ido su fara tuntuɓar likita.

Kada ka haɗa azumin nafila da ranar jirgi, musamman in kana shan maganin suga. Ci abu marar maiƙo, ka zauna tsakiyar jirgi, ka kafa ido nesa.

In kuwa kana shakka, tsaya a tudu. A Hermanus daga kan duwatsun gaɓa ma ana ganinsu sarai.