Masana'antar da ke cikin tumbin saniya

Kawuna mahauci ne a kasuwar Darki. Ina yaro, duk ranar Alhamis ni nake riƙe masa tumbi yana farkewa. Abin da ke zubowa kore-kore ne, da ɗuminsa, yana tururi. Busasshen karan dawa ne da haƙorin mutum ba ya iya taunawa, amma ga shi ya koma kamar fate. Na ce, "Kawu, me ya dafa shi?" Ya ce, "Ikon Allah, ɗana."

Ikon Allah ne kuwa, sai dai akwai ma'aikatan da ya ɗora wa aikin. Saniya da kanta ba ta iya narkar da selulos, wato zaren da ke sa kara tauri. Bakteriya ke yi mata, biliyoyi a cokali ɗaya na ruwan tumbi, cikin zafin digiri 39, inda babu iskar oksijin. Da iska ta buge su sai su mutu. Makaminsu shi ne inzayim, sinadari mai aikin almakashi, wanda ke yanyanka zaren har ya zama sukari.

A 1950 Robert Hungate, masani a Amurka, ya bayyana dabarar renon waɗannan halittu a kwalbar da aka kore wa iska. A 1983 kuma Raphael Lamed da Edward Bayer na Isra'ila suka gano cewa wata bakteriya mai suna Clostridium thermocellum, mai son zafin digiri 60, tana ɗaure almakasanta dami guda ta manne a jikin zaren. Irin wannan inzayim ne ake zubawa a garin sabulu, a tausasa yadi da shi, a sa a abincin kaji, a tatsi man etanol daga kara. Yawancin na kasuwa daga fumfuna ake samunsa, amma masu bincike sun sa wa bakteriyar nan ido, domin ita ba ta bukatar a hura mata iska.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an cinna wa bambaron shinkafa da totuwar masara wuta bayan kaka. Abincin waɗannan halittu ke nan muke mayarwa toka. Ga shanu na cika karar Wudil kowace Juma'a, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a garin. Burina ɗalibanta su zo wajen mahautanmu ranar Alhamis da kwalabensu, kafin a kai ruwan tumbin juji.